Yadda Muka Kai Baba Gaban Likitan Fata da Katin Inshora a Kaduna

Mahaifina mutum ne mai ɓoye ciwo, kamar yawancin dattawan zamaninsa, saboda haka ba daga bakinsa na fara jin labarin ƙaiƙayin ba. Mahaifiyarmu ce ta ja ni gefe wata ranar Juma'a da na je gaishe su a Unguwar Sanusi, ta ce mini: "Babanku ya kusa wata biyu bai yi barcin kirki ba, kwana yake yana susa, har jini nake gani a zanen gado." Da na shiga wurinsa na tambaye shi, sai ya ce ba wani abu ba ne, hunturu ne kawai, ya ja hannun rigarsa ya rufe damtsensa, ya kawo wata magana. Shekarunsa 73, yana da ciwon sukari da hawan jini, kuma na san cewa a jikin mai sukari ko ƙaramin rauni ba abin rainawa ba ne. Daga wannan rana sai da muka yi kusan mako bakwai kafin mu zauna gaban likitan fata, kuma rabin wannan lokaci ya tafi ne saboda ban fahimci yadda katin inshorar da ke aljihun Baba yake aiki ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta hanyar da muka bi, ko Allah zai sa wani mai riƙe da tsoho a gida ya tsira daga irin zagayen da na yi.

Kafin maganar ta zo kunnena, an riga an gwada duk abin da aka saba gwadawa a gida. An dafa ganyen dogon yaro an yi wanka da shi, an riƙa ɗiga ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, sannan an sayo man shafawa a kemis, irin mai haɗi uku ɗin nan da ake miƙa wa duk wanda ya zo da ƙurji, wanda a cikinsa akwai maganin makero da maganin ƙwayoyin cuta da kuma sitiroyid, wato maganin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi. Idan aka shafa sai ƙaiƙayin ya lafa kwana biyu, a ce an samu sauƙi, daga baya ya dawo fiye da yadda yake. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da aka wayi gari an ga bororo ya fito masa a cinya da cikin hannu, manya masu tauri cike da ruwa, kamar wanda tafasasshen ruwa ya zubo masa, alhali babu abin da ya ƙona shi.

Baba ya yi wa gwamnatin tarayya aiki shekara 35. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, amma sai a 2005 shirin ya fara aiki, kuma da ma'aikatan tarayya aka fara, saboda haka Baba ya samu kati a ƙarshen aikinsa, ya yi 'yan shekaru yana amfani da shi. Da ya yi ritaya katin ya tsaya, daidai lokacin da jikin mutum yake fara neman asibiti da gaske. Katina na wurin aiki kuwa ya tsaya ne a kaina da matata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye ba sa shiga kai tsaye. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, a madadin wancan tsohon shiri da ake kira NHIS, dokar da ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma ambaci tsofaffi a cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. A ƙarƙashin hukumar akwai shirin da ake kira GIFSHIP, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga da kuɗin shekara, har da 'yan fansho. Ta nan muka shigar da Baba shekara guda kafin wannan ciwo, mu 'ya'yansa biyar muka yi karo-karo, saboda maganin sukari da na hawan jini. Ranar rajista aka tambaye ni asibitin da za a rubuta masa, na zaɓi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke kusa da gida, domin zai iya takawa da ƙafa. Ban tambayi komai ba game da yadda suke tura mara lafiya gaba idan ciwo ya fi ƙarfinsu.

Da na ga bororon nan, abin da ya zo mini a rai shi ne in nemo likitan fata kai tsaye. Na rubuta a zaurukan WhatsApp na unguwa da na tsofaffin ɗalibai ina tambayar wane likitan fata ne yake karɓar katin inshora a Kaduna, aka turo mini lambobi kusan goma. Fiye da rabinsu na masu haɗa man gyaran fata ne, waɗanda ke talla a Facebook da hotunan kafin da bayan shafawa. Wuri ɗaya da na je shagon kayan kwalliya ne zalla, ko da yake wadda ta tarbe ni tana sanye da farar riga, kuma tun kafin in gama bayani ta ɗauko mini kwalba uku. Wani wurin kuwa asibiti ne na gaske, akwai likitan da ke zuwa da yamma, amma suka ce ganin likitan fata a wurinsu kuɗi hannu ne, kati ba ya aiki. Na yi mako biyu ina wannan kai-komo, ina ta maimaita tambaya guda, ba tare da na gane cewa tambayar ce ba ta kan hanya ba.

Wanda ya fahimtar da ni wani jami'i ne mai zama a teburin inshora na wani babban asibiti, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri. Ya karɓi katin Baba ya duba, sannan ya ce: "Malam, ai ba likita ne yake karɓar kati ba, asibiti ne. Kuma ko asibitin yana cikin tsarin, ba za ka shigo ta wannan ƙofa ba sai an turo ka." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Tsarin matakai uku ne. Asibitin da aka rubuta a katinka shi ne matakin farko, kuma ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutumin da ke rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, domin ya kula da ciwace-ciwacen yau da kullum. Ganin ƙwararren likita kuwa mataki na biyu ne ko na uku, kuma a nan ana biyan asibiti ne a kan kowane aikin da ya yi. Tun da kowane aiki yana da kuɗinsa, dole sai kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, ya amince kafin a yi, kuma shaidar amincewarsa wata lamba ce da ma'aikata ke kira kod. Likitan matakin farko ne zai rubuta takardar turawa, asibitinsa ya nemi lambar, sannan mara lafiya ya ɗauki takarda da lamba da kati ya tafi asibitin da aka amince wa yin irin wannan aiki. Ya ƙara da cewa kasancewar asibiti a jerin sunayen hukuma ba ya nufin an amince masa da kowane fanni, shi ya sa wancan asibitin da na je zai iya karɓar kati a kan zazzaɓi ko haihuwa, ya ƙi karɓa a kan ganin likitan fata, kuma bai saɓa wa kowa ba.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa likitan fata yake da wuyar samu. A Najeriya fannin fata reshe ne na likitancin cikin jiki. Bayan mutum ya gama makarantar likitanci ya yi shekarar horo da hidimar ƙasa, sai ya sake shafe shekaru yana horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, kafin a kira shi ƙwararre. Waɗanda suka bi wannan hanya kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma yawancinsu suna manyan asibitocin gwamnati, inda suke haɗa duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai. A jiharmu, wuraren da aka sani da sashen fata su ne Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin garin Kaduna, wanda yake na jami'ar jiha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Akwai kuma cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye, kusa da Zariya, wadda mutane suka daɗe suna kai matsalolin fata. Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar kusan kilomita 80 ce, wadda a wurin matashi ba komai ba ce, amma ga tsoho mai rauni a cinya, zaman mota daga tashar Kawo da dawowa a yini ɗaya aiki ne babba. Kuma a irin waɗannan asibitoci ba kullum ake ganin masu ciwon fata ba, kowane fanni yana da ranakunsa a mako, don haka ya kamata a tambayi rana kafin a ɗauko tsoho daga gida.

Na koma ƙaramin asibitin Baba da shi, wato inda ya kamata in fara tun ranar farko. Likitan da muka tarar matashi ne mai ladabi, ya duba ya ce yana zaton ƙazuwa ce da ta yi ruwa, ya rubuta maganin shafawa, ya ce a yi wa duk mutanen gidan tare, a kuma wanke zannuwa da tufafi da ruwan zafi. Ban ga laifinsa ba, domin ƙazuwa ta yi yawa a gari, tana tsananta da dare kamar na Baba, kuma man sitiroyid yana canza kamanninta har ta ɓace wa ido. Sai dai babu wanda ke susa a gidan in ban da shi, har mahaifiyarmu da suke ɗaki ɗaya. Bayan kwana goma sababbin bororo suka fito a ciki da baya. Da muka koma na ga zai sake rubuta wani magani, sai na ce masa: "Likita, don Allah ina roƙon a tura mu wurin likitan fata. Mai sukari ne, kuma raunin yana ƙaruwa." Bai musa ba ko kaɗan, nan take ya jawo takarda. Na daɗe ina tunanin wannan, domin da ban buɗe baki na roƙa ba, wataƙila da mun ƙara wasu makonni, kuma na tabbata da Baba ne shi kaɗai ya je, da ba zai taɓa furta wannan roƙo ba, saboda a tarbiyyarsa ba a nuna wa likita aikinsa.

Abu ɗaya da na lura da shi a takardar turawa shi ne muhimmancin abin da aka rubuta a ciki. Jami'in nan ya riga ya gargaɗe ni cewa idan aka rubuta ƙaiƙayi kawai, wanda ke zaune a ofishin kamfani zai iya ɗauka abu ne da matakin farko zai iya magancewa, ko ma ya ɗauke shi a matsayin gyaran jiki, tun da aikin kwalliya ba ya cikin abin da inshora ke biya. Saboda haka na roƙi likitan ya rubuta shekarun Baba, da ciwon sukarinsa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana fama, da magungunan da aka gwada ba su yi ba, ya kuma bayyana cewa sashen fata ake nufi. Duk da haka lambar ba ta fito ba sai bayan kwana uku, ina kira safe da yamma, yau a ce ba a ga saƙon ba, gobe a ce wanda zai sa hannu ya fita. Abin da ya taimaka shi ne na rubuta rana da lokacin da aka aika buƙatar, na karɓi lambar wayar kamfanin daga bayan kati na riƙa kira da kaina maimakon in bar wa asibiti. Bayan namu ya wuce, a 2025, hukumar ta umarci kamfanonin da su riƙa bayar da wannan lamba cikin awa ɗaya, kuma duk wanda aka ja wa rai yana da damar kai ƙorafi ofishin hukumar na jiha.

Ya kamata in faɗi a nan cewa ba kowane ciwon fata ake zama jiran lamba a kansa ba. Idan tsoho ya fara sabon magani, musamman irin na dangin salfa ko na farfaɗiya, sai zazzaɓi ya rufe shi, baki da idanu suka yi gyambo, fata ta fara saluɓewa, wannan na ɗakin gaggawa ne a wannan sa'a, domin yana iya kisa. Haka ma idan ƙafar mai sukari ta kumbura ta yi zafi tana wari. Tsarin inshora bai sharɗanta takardar turawa a halin gaggawa ba, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin irin wannan hali.

Ranar ganin likita mun bar gida bayan sallar Asuba. Na tattara duk magungunan da Baba ke sha da waɗanda aka shafa masa a leda guda, har da kwalayen da suka ƙare, na kuma tanadi hotunan raunin da na riƙa ɗauka a waya tun farkon fitowarsa. Ban bari an shafa masa komai ba a wannan safiya, na sa ya saka riga mai faɗi wadda za a iya ɗagawa ba tare da ta goge ciwon ba. Muka fara da teburin inshora aka tantance lamba, muka buɗe fayil, aka auna jini da sukari, sannan muka zauna a layi. Na yi masa guzurin abinci da ruwa, domin mai sukarin da ya sha magani da asuba ba zai iya zama har azahar da yunwa ba, kuma wannan ƙaramin abu ne da na ga ya wahalar da wasu dattawa a kan bencin. Da aka kira mu sai muka tarar likitar mace ce, na ga Baba ya sunkuyar da kai. Ita ma ta lura, ta gaishe shi da Hausa cikin girmamawa ta ce: "Baba, ni 'yarka ce. Hannu da baya zan duba, sauran kuma ga ɗanka likita zai duba ya faɗa mini." Ta nuna wani matashin likita da ke koyon aiki a ƙarƙashinta. Baba ya dube ni ya ce: "Babana, ɗan jira ni a waje," domin sunan mahaifinsa gare ni, haka yake kirana. Na fita na ba su wuri.

Da aka sake kirana, ta zazzage ledar magungunan a kan tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ta ware wani maganin sukari gefe, ta tambayi yaushe aka fara ba shi. Muka lissafa, kimanin wata takwas kafin ƙaiƙayin. Ta ce abin da take zato wata cuta ce da likitoci ke kira femfigoyid, wadda ta fi kama tsofaffi, inda garkuwar jiki da kanta take kai hari ga abin da ke manne saman fata da ƙasanta, sai ruwa ya taru a tsakani ya yi bororo. Ta ce sau da yawa da ƙaiƙayi kaɗai take farawa, a yi makonni ko watanni kafin bororon ya bayyana, shi ya sa ake ɗaukarta ƙazuwa ko bushewar hunturu, kuma an san magungunan sukari na dangin giliftin suna iya tayar da ita a jikin wasu. Ta rubuta wa likitan sukarinsa takarda domin a canza masa, ta gargaɗe mu kada mu dakatar da kanmu. Ta ce sai an yanki ɗan ƙanƙanen yanki na fata an duba a ɗakin gwaji kafin a tabbatar, a kuma gwada ƙoda da hanta da yawan jini, saboda ƙaiƙayin tsufa wani lokaci daga ciki yake tasowa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganin da ta rubuta shi ma sitiroyid ne mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ke cikin man kemis. Da na tambaya, ta ce a wannan cuta shi ne magani, amma da ma'auni, da sanin inda za a shafa da lokacin da za a fara ragewa, kuma dole a sa ido kan sukari domin sitiroyid yana ɗaga shi, yana kuma sa fata ta yi siriri idan an daɗe. Wanda ya shafa irinsa a kan makero ko ƙazuwa kuwa, ya ɓoye cutar ne ya ba ta wurin yaɗuwa.

Game da kuɗi, katin ya ɗauki ganin likita da gwaje-gwajen jini da wankin rauni, kuma a kan magungunan da ke jerin hukuma kashi 10 cikin 100 muka biya. Gwajin yankin fata sai da aka nemi wata lambar daban, wadda ta sake cin kwana biyu, saboda haka yana da kyau mutum ya tambaya tun a ɗakin likita ko abin da aka rubuta yana buƙatar sabuwar amincewa, kafin ya je ya kama layi a banza. Sau biyu aka ce man shafawar ya ƙare a kantin maganin asibiti, muka saya a waje da kuɗinmu, haka kuma man laushin fata da sabulu marar ƙarfi da bandeji duk daga aljihu suka fito. Ban taɓa jin cewa kati ya ɗauke mana komai ba. Amma da na kwatanta da abin da aka faɗa mini a wurin kuɗi hannu, na kuma tuna cewa wannan cuta ce ta komawa asibiti wata bayan wata, na san cewa in ba don katin ba, da an kai lokacin da Baba zai fara cewa ya warke don kawai ya sauƙaƙa mana.

A layin nan na zauna da wata baiwar Allah daga Rigasa da ta kawo kakarta, kuma katinsu ba irin namu ba ne. Nasu na hukumar jiha ne, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar jihar Kaduna a 2018, mai shirin ma'aikatan jiha da na masu sana'ar kansu da na masu rauni. Kakar ta shiga ne ba tare da biyan kuɗi ba, ta hanyar asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma tsofaffi marasa ƙarfi suna cikin waɗanda ake yi wa rajista da shi. Ƙofarsu ita ce cibiyar lafiya ta mazaɓa, kuma jihar tana da mazaɓu 255. Daga can aka tura su babban asibiti, daga nan kuma aka turo su sashen fata, wato tafiyarsu ta fi tamu tsawo da mataki guda. Gurbin wannan rajista ta kyauta yana da iyaka, ba duk tsohon da ya cancanta yake samu ba, saboda haka wanda ke da tsoho marar ƙarfi ya je cibiyar mazaɓarsa da lambar ɗan ƙasa ya tambayi lokacin da ake ɗauka, tun tsohon yana da lafiya. Ko a shirin da ake biya ma akwai lokacin jira tsakanin rajista da fara amfani da kati, don haka wanda ya bari sai ciwo ya zo zai fara ne da aljihunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan tafiya shi ne dattawan da na gani su kaɗai a kan benci, da takardu a hannu suna tambayar duk wanda ya gifta. Tsarin matakai yana da hujjarsa, domin idan kowane mai ƙurji ya tafi kai tsaye wurin ƙwararrun da ba su da yawa, masu ciwo irin na Baba ba za su samu shiga ba. Amma an gina shi ne a kan zaton cewa mara lafiya yana da ƙafar hawa da sauka, da wayar da ke da kuɗin kira, da idon karanta lamba, da ƙarfin halin sake tambaya idan an ce ya dawo gobe. Mutumin da ya haura saba'in sau da yawa ya rasa biyu ko uku daga cikin waɗannan. A ganina ya kamata a ba tsofaffi layinsu a teburin inshora, kuma mai ciwon da aka san na dogon lokaci ne a ba shi amincewa guda da za ta ɗauke shi watanni, maimakon a riƙa mayar da shi farkon hanya.

Gwaji ya tabbatar da zaton likitar. Amma tambayar da Baba ya yi mata a zuwanmu na biyu ita ce ta nuna mini abin da ya fi damunsa, wanda bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Ya tambaye ta ko ana ɗauka. Ashe tun da bororon ya fito ya daina zuwa masallacin unguwa, yana salla a ɗaki, ya kuma hana jikoki hawa jikinsa, yana tsoron kada ya shafa wa wani, ko mutane su ga hannunsa su yi zaton kuturta ce. Ta ce masa ba a ɗauka ko kaɗan, ya ci abinci da iyalinsa a kwano ɗaya, ya gaisa da mutane hannu da hannu. Ta kuma koya mana wankan da ya dace da fatar tsoho a hunturu: ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, ban da soso mai kaushi, ban da ɗiga maganin ƙwayoyin cuta a bokiti, a shafa basilin ko man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba, a sake shafawa a hannu da ƙafa bayan alwala. Kan yadda zai yi da wurin da aka ɗaure da bandeji kuwa, limamin unguwa ya yi masa bayanin hukuncin shafa a kai.

Yanzu wata biyar ke nan babu sabon bororo, an rage maganin zuwa sau biyu a mako, sai tabo baƙi-baƙi da likitar ta ce zai riƙa dishewa a hankali. Na cika takardar neman canza masa asibitin matakin farko zuwa wanda ke da teburin inshora mai ma'aikaci na dindindin, bayan na je da kaina na tambaye su inda suke tura masu ciwon fata da na ido da na ƙoda, da kuma kwana nawa lamba take ɗauka a wurinsu. Ranar da kuɗin shekara zai ƙare na rubuta ta a kalandar ɗakin mahaifiyarmu, ƙanwata ta karɓi nauyin tunatar da mu wata guda kafin lokacin. Komawarmu ta gaba wurin likitar fata bayan ƙaramar salla ce, kuma a wannan karon Baba ne da kansa ya kira ni ya tuna mini in fara neman lambar tun da sauran mako guda.